Daro da Tawul: Tarihin Mutanen da Suka Ƙi Ɗaukar Makami

Ya kai mai karatu, kafin in shiga tarihin da na yi niyyar ba ka, bari in fara da kakata, domin ba don ita ba da ban ma san akwai wani tarihi a nan ba.

Kakata ta wajen uwa 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Bura, ba nisa da Garkida. Mu kuwa a birni aka haife mu, sai in an yi dogon hutu ake tura mu wurinta mu taya ta noma. Tsohuwa ce da ba ta yi boko mai zurfi ba, amma tana karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa a hankali, tana bin layi da ɗan yatsa. Kowane dare in an ci tuwo sai ta tara mu a kan tabarma ta yi addu'a. Addu'ar tata doguwa ce, har mukan yi gyangyaɗi. Takan fara da 'ya'yanta, ta gangaro kan jikoki, ta yi wa marasa lafiya, ta roƙi ruwan sama. Can daga ƙarshe sai ta kama sunan wani maƙwabcinta na gona, ta roƙa masa lafiya da albarka da yabanya mai kyau.

Shi kuwa mutumin nan, duk ƙauyen an san yana ci mata iyaka. Kowace damina sai ya ƙaro kunya ɗaya ko biyu cikin gonarta, ba ko kunya. Wata rana haƙurina ya ƙare, na ce, "Kaka, wai mai cin gonarki kike roƙa wa albarka? Ai kotu ya kamata a kai shi." Sai ta yi dariya ta ce, "Kai maigidan, wata mai zuwa fa akwai wanke ƙafa a majami'a, matarsa kuma kusa da ni take zama. Da wane hannu zan kama ƙafarta in na kai mijinta gaban alƙali?"

Kada ka ce shiru ta yi. Ta je ta same shi ita kaɗai, bai saurare ta ba. Ta koma da dattawa biyu, aka yi doguwar magana, ya janye daga rabin abin da ya ci, sauran ta ce ta bar masa. A lokacin na ɗauka tsoro ne da rauni irin na tsofaffi. Sai da na girma na bi diddigi na gane ashe abin da take yi ya kusa shekara 300 ana yin sa, kuma mutane da yawa sun biya shi da dukiya, wasu da rai.

Majami'ar kakata ita ce Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN. Asalinta kuwa daga ƙasar Jamus ne. Daga 1618 zuwa 1648 an yi wani yaƙi a can wanda ake kira Yaƙin Shekara Talatin, Kirista da Kirista, Katolika da Furotesta, har wasu yankuna suka rasa rabin jama'arsu saboda takobi da yunwa da annoba. Da aka yi sulhu sai doka ta ce ɗariku uku kaɗai ta sani: Katolika, da mabiya Luther, da mabiya Calvin. Wanda ya taru da abokansa a ɗaki domin karatu da addu'a ba da izini ba, ya taka doka.

A cikin wannan hali aka haifi Alexander Mack a 1679, a garin Schriesheim kusa da Heidelberg, ɗan mai injin niƙa. Yana yaro sojojin Faransa suka yi ta mamaye yankinsu, sun ma ƙone Heidelberg a 1693. Wato dai ba a littafi ya karanta yaƙi ba. Da ya girma ya shiga masu taron addu'a a gida, hukuma ta tarwatsa su a 1706, ya kwashi iyalinsa ya gudu wani ƙauye mai suna Schwarzenau, inda sarkin wurin ke da sassauci ga 'yan gudun hijira. A nan ne a 1708 mutum takwas, maza biyar da mata uku, suka sauka kogin Eder da sassafe suka yi wa juna baftisma, ana nutsa kowa sau uku. Sun jefa ƙuri'a a kan wanda zai fara yi wa Mack, suka kuma ɓoye sunansa don kada wata rana a ce ekklesiyar ta wane ce.

Me suka riƙe? Sun ce ba su da wata aƙida a rubuce sai Sabon Alkawari, kuma abin da Yesu Almasihu ya umarta a Huɗuba a kan Dutse za su ɗauke shi yadda yake, ba kwana-kwana: ba rantsuwa, ba ramuwa, abokin gaba ma a ƙaunace shi a yi masa addu'a. Sun ce ba a tilasta wa mutum addini, shi ya sa ba sa yi wa jariri baftisma sai ya girma ya zaɓa da kansa. Hukuma kuwa ba ta ɗauki wannan da wasa ba. A 1717 aka kama mutum shida daga garin Solingen aka kulle su a kurkukun Jülich da aiki mai tsanani kusan shekara huɗu. Da matsi ya yi yawa sai suka fara ƙaura zuwa Pensilbaniya a Amurka, ayarin farko a 1719, Mack da nasa ayarin a 1729.

To, a nan nake so ka tsaya ka duba da kyau, mai karatu, domin nan ne zuciyar maganata. In an ce wane ba ya yaƙi, mukan ɗauka hukunci ne da yake yankewa ranar da aka buga gangar yaƙi. Su 'Yan'uwa na da ba haka suka tsara rayuwarsu ba. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da za a yi wa mutum baftisma sai a karanta masa Matiyu sura 18, a tambaye shi ko ya yarda zai bi ta: in ɗan'uwa ya yi masa laifi zai same shi su biyu, in abin ya gagara ya tafi da shaida ɗaya ko biyu, in ya ƙara gagara a kawo wa jama'a. Ba a yarda ɗan'uwa ya kai ɗan'uwa kotu ba. Ba sa rantsuwa ko a gaban alƙali, domin sun ce mai gaskiya kullum ba ya bukatar wata rana ta musamman da zai faɗi gaskiya.

Sa'an nan akwai bukin ƙauna, wanda suke yi sau ɗaya ko biyu a shekara. Kafin ranar, dattawan hidima sukan bi gida gida, biyu biyu, suna tambayar kowane mutum: har yanzu kana cikin bangaskiyar da ka shiga? Kana zaman lafiya da 'yan'uwa? In akwai ƙullalliya tsakanin mutum biyu, sai an warware ta kafin a zauna teburi, wani lokaci har a ɗaga bukin saboda su. Ran bukin sai a kawo daro da ruwa da tawul, kamar yadda Yohanna sura 13 ta ba da labarin Yesu da almajiransa. Maza gefe ɗaya, mata gefe ɗaya, kowa ya durƙusa ya wanke ƙafar na kusa da shi ya share, shi ma a wanke tasa. Bayan haka a ci abinci tare, sannan a raba gurasa da ƙoƙo. Ka ga ke nan maganar kakata ba wasa ba ce. Mutumin da ya san wata shida masu zuwa zai durƙusa gaban maƙwabcinsa, dole ya auna abin da bakinsa zai faɗa masa yau.

Sai dai fa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin farko mai girma ya zo lokacin da Amurkawa suka tashi yaƙin ƙwatar 'yanci daga Ingila. Akwai wani dattijon 'Yan'uwa a Germantown mai suna Christopher Sauer ƙarami, attajiri ne mai maɗaba'a. Mahaifinsa ne ya buga Littafi Mai Tsarki da Jamusanci a 1743, karo na farko da aka buga shi a Amurka da wani harshen Turai, shi kuma ya sake bugawa a 1763 da 1776. Sabuwar hukumar Pensilbaniya ta ce kowa ya yi rantsuwar mubaya'a. Sauer ya ƙi, domin ba ya rantsuwa kuma ba ya goyon bayan zub da jini. Abin da ya ƙara dagula masa lissafi shi ne 'ya'yansa biyu sun bi ɓangaren Ingila. A 1778 sojoji suka ɗauke shi daga gida, suka tuɓe shi, suka aske masa gemu, suka shafa masa fenti, suka kora shi a ƙasa ba takalmi. Daga baya aka sake shi, amma aka ƙwace gidajensa da maɗaba'arsa aka yi gwanjonsu. Ya ƙare rayuwarsa a 1784 yana talaka, yana ɗaure littattafai don ya sami abin kai wa baki. Bugun nan nasa na 1776 har yau ana yi masa laƙabi da Littafin cushen bindiga, domin ana cewa sojoji sun yi amfani da takardunsa wajen ɗura bindigogi. Allah sarki.

Gwaji na biyu shi ne yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, tsakanin Arewa da Kudu a kan batun bauta. Tun 1782 babban taron 'Yan'uwa ya hana mabiyansa sayen bayi, don haka waɗanda ke zaune a Kudu suka zama abin zargi ta fuska biyu: ba sa riƙe bayi, ba sa ɗaukar bindiga. A jihar Maryland suna da wata 'yar farar majami'a kusa da rafin Antietam, ba hasumiya ba ado. Ranar Lahadi 14 ga Satumba 1862 suna cikin sujada suna jin rugugin igwa daga kan duwatsu. Bayan kwana uku, ranar 17 ga wata, yaƙin ya sauko har ƙofar majami'ar. A wuni ɗaya mutum kusan 23,000 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace, kuma babu wata rana guda da ta kai ta zub da jini a tarihin Amurka. Bangon ɗakin ya sha harsashi, cikinsa ya zama wurin kwantar da masu rauni. Wani soja ya ɗauke Littafin majami'ar ya tafi da shi gida, sai a 1903 tsofaffin abokan yaƙinsa suka mayar wa masu shi.

A jihar Birjiniya kuwa akwai John Kline, manomi, mai wa'azi, kuma mai maganin gargajiya da saiwoyi da ganyaye. Yana da goɗiya mai suna Nell, a kanta ya yi ta ratsa duwatsu yana ziyarar 'yan'uwa da marasa lafiya, ba ya tambayar majinyaci wane ɓangare yake bi. Ya yi ta rubuta wa hukumomin Kudu har aka yarda wanda addininsa ya hana shi yaƙi ya biya dala 500 a ƙyale shi, ya kuma taimaka aka tara wa marasa ƙarfi kuɗin. A 1862 aka tsare shi na 'yan kwanaki a Harrisonburg. Duk da haka, da yake shi ne shugaban babban taron shekara-shekara, ya ci gaba da ƙetare bakin daga zuwa Arewa don kada yaƙi ya raba ekklesiya gida biyu. Mutanen yankinsa suka fara cewa ɗan leƙen asiri ne. An gargaɗe shi, bai daina fita ba. Ranar 15 ga Yuni 1864 aka yi masa kwanton ɓauna kusa da gidansa aka harbe shi daga kan goɗiyarsa, yana da shekara 66. Ba wanda aka taɓa hukuntawa a kan jininsa.

Kada in yi maka ƙarya in ce kullum haka suka tsaya daram. A Janairun 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sun yi taro a garin Goshen suka fitar da takarda suna shawartar samarinsu kada su sa kakin soja, kada su yi fareti. Gwamnati ta yi barazanar gurfanar da shugabanninsu da laifin zagon ƙasa, sai suka janye takardar. A shekarun 1930 babban taro ya bayyana cewa kowane yaƙi zunubi ne, amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, mafi yawan samarinsu da aka kira sun shiga soja. 'Yan kaɗan ne suka zaɓi aikin farar hula da gwamnati ta buɗe wa masu ƙin yaƙi, inda mutum kusan 12,000 daga ɗariku daban-daban suka yi ta kashe gobarar daji da jinyar masu taɓin hankali ba albashi. Ni dai abin da na lura shi ne, a zamanin nan tsofaffin al'adun sun riga sun fara sanyi. Ziyarar gida gida ta ragu, mutane sun koma birni sun saje da kowa. Takardar taro tana nan da kalmomi masu ƙarfi, amma gorar ba a fafe ta ba.

Sai dai wani abu mai kyau ya fito daga wannan zamani. Wasunsu suka ce ƙin harbi kaɗai bai isa ba, dole hannun da ya ƙi bindiga ya ɗauki wani abu. Wani manomi mai suna Dan West ya je Sifaniya a 1937 lokacin yaƙin basasarta, yana raba wa yara madarar gari. Madarar ba ta isa, har sai an zaɓi yaron da za a ba da wanda za a bari. Ya koma gida da tunanin cewa saniya ta fi kofin madara. A 1944 aka tura karsana 17 na farko zuwa tsibirin Puerto Rico, aka kuma kafa al'adar cewa wanda aka ba saniya zai ba wani gida 'yar maraƙarta ta fari. Haka kuma wani saurayi, Ted Studebaker, ya ƙi zuwa Biyetnam da bindiga amma ya je da ilimin noma, yana aiki da manoman tsaunuka a garin Di Linh. An kashe shi a can ranar 26 ga Afrilu 1971, mako ɗaya bayan ɗaurin aurensa, yana da shekara 25.

Yanzu bari mu dawo gida. Daga cikin waɗannan 'Yan'uwa na Amurka ne mutum biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka iso Garkida, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya ranar 17 ga Maris 1923. Gaskiya ita ce a ƙarƙashin inuwar mulkin mallaka suka shigo, mulkin da shi kansa da bakin bindiga aka kafa shi, kuma wannan abin tunani ne ga mai tunani. Amma su abin da suka zo da shi makaranta ce da asibiti da gona. Matar Kulp, Ruth, ta rasu a Garkida a 1924 ita da jaririnta. An buɗe mazaunin kutare a 1929, aikin ya bazu zuwa Lassa cikin Margi, da Chibok, da sauran garuruwa. Ko zazzaɓin nan da ake kira Lassa, a jikin wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ɗin, Laura Wine, aka fara gano shi a 1969, ta kuwa rasu da shi. A 1972 ekklesiyar ta tsaya da ƙafarta a hannun 'yan ƙasa, hedikwatarta tana Kwarhi kusa da Mubi, kuma ta yi girma har ta ninka uwarta ta Amurka sau da yawa. Akwai 'ya'yanta a soja da 'yan sanda, ba kowa ne ya san sunan Mack ko Kline ba. Amma daro da tawul sun iso, sun kuma zauna, musamman a hannun matan Zumunta irin su kakata.

Sai kuma namu gwajin ya zo. Ƙasar da EYN ta fi yawa, wato kudancin Borno da arewacin Adamawa, ita ce Boko Haram ta mamaye. Daren 14 ga Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan EYN ne. Ranar 29 ga Oktoba na wannan shekara aka ƙwace Kwarhi da Mubi, shugabanni suka gudu, aka mai da ofis Jos na wani lokaci. Shugabannin ekklesiyar sun ƙiyasta cewa fiye da mutum 8,000 nasu aka kashe, dubban ɗaruruwa kuma suka bar gidajensu. Kada mu manta, wutar nan ba ta bar Musulmi ba, ta ci limamai da almajirai da 'yan kasuwa da masallatai ba adadi. Shugaban EYN na lokacin, Rabaran Samuel Dali, ya yi ta kiran jama'arsa ga azumi da addu'a, yana cewa kada a ɗauki fansa. Wasu samari sun shiga 'yan banga don kare garuruwansu, ni kuwa ba ni da bakin zaginsu. Amma ekklesiyar ba ta taɓa kiran a far wa maƙwabta ba. Wani ma'aikacinta, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda Kirista da Musulmi 'yan gudun hijira suka zauna tare, ga majami'a ga masallaci. A 2016 aka ba EYN da abokan aikinta Musulmi na Mubi lambar zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus, ƙasar da aka kori kakanninta. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi a Michika. A faifan bidiyon da aka fitar bai zagi kowa ba, ya nuna cewa ransa a hannun Allah yake. Ranar 20 ga watan aka kashe shi. Wata guda bayan haka aka kai hari Garkida kanta, aka ƙone majami'ar.

Kakata ba ta ga wannan ba, ta riga mu gidan gaskiya. Amma a ƙarshen 2014 danginmu goma sha ɗaya suka iso gidana da kayan jikinsu kaɗai, muka cunkushe a ɗaki biyu. Cikinsu har da ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Maƙwabcina, wani malami Musulmi da shi ma ya rasa ƙaninsa a wannan fitina, shi ya fara aiko mana da tabarmi da kwanon masara. Daren farko Inna ta tara mu addu'a, ta bi tsarin uwarta sak: 'ya'ya, jikoki, marasa lafiya, waɗanda ba a san inda suke ba. Da ta zo ƙarshe sai na ji ta fara roƙa wa waɗanda suka kore su, wai Allah Ya tuna su ma 'ya'yan wasu ne, Ya juyo da zukatansu. Ɗanta ya tashi fuu ya fita waje. Ni kuwa na zauna, amma na ƙi cewa amin.

Da gari ya waye na same ta tana wanke-wanke, na ce, "Inna, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Addu'ar nan ta jiya, har zuciyarki?" Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ɗana, ba ta kai zuciya ba tukuna. Baki nake koya wa, ko zuciya za ta biyo baya. In na bari sai ranar da na ji daɗin yi, to har in mutu ba zan yi ba."

Ba zan ce maka na warware dukkan tambayoyin ba, mai karatu. Har yau in na tuna 'yan matan nan nakan tambayi kaina, wa zai tsaya wa marar ƙarfi in kowa ya ajiye makami? Masu hankali da tsoron Allah sun rabu a kan wannan tun da daɗewa. Kuma tarihin da na ba ka bai yi wa kowa alkawarin tsira ba: Sauer ya talauce, Kline ya faɗo daga kan goɗiyarsa, Andimi bai dawo wa iyalinsa ba. Abin da na tabbata kawai shi ne, ba ɗayansu da ya fara koyon haƙuri a ranar da aka zo kansa. Sun fara ne da maƙwabcin gona, da mai bashi, da ɗan'uwan da ya faɗi magana mai zafi a taron suna.

Mu kuwa mukan zauna a majalisa mu yi ta zancen zaman lafiyar ƙasa, alhali akwai wanda muka yi shekara uku ba ma gaisawa da shi saboda kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Ni kaina ina da irin wannan mutum. Bayan maganar Inna na fara kama sunansa a addu'ar dare, da ƙyar, kamar mai haɗiyar maɗaci. Na yi wata huɗu a haka kafin ƙafata ta yarda ta kai ni ƙofar shagonsa. Bai biya ni duka ba, amma yanzu muna gaisawa, ran da 'yarsa ta yi aure ma na je.

Ko kai Kirista ne ko Musulmi, na san akwai wani suna da ya faɗo maka a rai tun kana karanta wannan shafi. To, ka fara da shi daren yau. Nan zan dasa aya. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya kuma ba mu ƙarfin biyan kuɗinsa, amin.